Gonakin Zariya na komawa fegi, ƙaramar hukuma na kallo

A tsakiyar shekarun 1960, da masu binciken aikin gona na Samaru ƙarƙashin David Norman suka tashi nazarin yadda manomin ƙasar Zazzau yake tafiyar da gonarsa da gidansa, ƙauyuka uku suka zaɓa: Ɗan Mahawayi, Doka da Hanwa. An sa Hanwa a ciki ne don ita ce ƙauyen da ke dab da gari. Yau wanda ya kira Hanwa ƙauye sai yara su yi masa dariya. Unguwa ce, da shagunanta da makarantun kuɗi da gidajen haya. Abin da ya same ta kuwa shi ne yake samun Bomo da Basawa da Dogarawa da Dakace da Gwargwaje da bayan Wusasa, kowacce da irin nata saurin. Hatta cikin ganuwa, inda magabata suka bar sarari da gangan don a riƙa noma ko da abokan gaba sun tare ƙofofi, gini ya cinye mafi yawansa.

Ba wanda zai hana Zariya girma. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Zariya mutum sama da 400,000, ta ba Sabon Gari kusan 290,000, kuma yaran da aka ƙirga a goye a wancan lokaci su ne yau suke neman ɗakin da za su sa amarya. Ga ɗalibai da ma'aikatan manyan makarantu, ga sojoji, ga kuma waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Giwa da Igabi da Birnin Gwari. Dole kowa ya sami inda zai sa haƙarƙarinsa. Amma ba duk ƙasa ce ɗaya ba. Akwai tudun marmara da ko gyaɗa ba ta yi a kai sai da lallashi, akwai kuma fadamar da ake nomawa sau biyu ko uku a shekara. Idan gari zai ci ƙasa, ya kamata a ce akwai mai zaɓar masa wadda zai fara ci. Hukumar da ta fi kowa kusa da wannan aiki ita ce ƙaramar hukuma, ita ce kuma wadda aka fi raba ta da shi.

A takarda, ikonta a kan ƙasar noma ba kaɗan ba ne. Dokar Amfani da Filaye, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa a watan Maris na 1978, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, sannan ta raba aikin gida biyu. Filin da ke cikin yankin da aka ayyana birni ne, gwamna ke kula da shi. Wanda ke wajen birni, yana ƙarƙashin ƙaramar hukuma. Sashe na 6 ya ba ta damar bayar da izinin mallaka na gargajiya har hekta 500 don noma, har hekta 5,000 don kiwo, ba sai ta nemi amincewar gwamna ba. Ya kuma ce idan an karɓe gonar mai irin wannan izini, wajibi ne ƙaramar hukuma ta ba shi wata gonar ya ci gaba da noma. Sashe na 21 ya hana sayar da irin wannan fili ko jinginar da shi sai da yardarta. Dokar ta ma tanadi kwamitin ba da shawara kan rabon filaye a kowace ƙaramar hukuma.

Akwai kuma sashe na 36, wanda ba a cika ambatonsa ba. Ya ce gonar da ke wajen birni, wadda mutum yake nomawa tun kafin 1978, tana nan a hannunsa, amma ba za a yanka ta fegi-fegi ba, ba kuma za a miƙa ta ga wani ba. Takardar da aka rubuta a kan irin wannan ciniki banza ce a idon doka, kuma duk wanda ya sa hannu zai biya tarar naira 5,000 ko ya yi shekara guda a gidan yari. A 1978 naira ta fi dalar Amurka daraja, saboda haka tarar tana da nauyi. Yau ba ta kai abin da dillali ke ba yaron da ya riƙe masa igiya ba. Gyara adadin ma ba abu ne mai sauƙi ba, don sashe na 315 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗaure dokar a jikinsa, ba a taɓa ta sai an bi doguwar hanyar gyaran kundin. Ni dai a ganina sashen ya yi tsauri tun farko. Bahaushe ya daɗe yana sayar da gona, yana jinginarwa, yana ba da aro da haya, tun kafin zuwan Bature. Da doka ta haramta abin gaba ɗaya, sai kowa ya kau da kai daga gare ta, har da masu alhakin aiwatar da ita.

Babban ramin yana sashe na 3 da na 5. Gwamna ne ke da ikon ayyana inda birni ya tsaya, kuma yana iya ba da takardar mallaka ta gwamnati a kan kowane fili, cikin birni ne ko waje. Saboda haka ikon ƙaramar hukuma yana da ƙarfi ne muddin gonar tana can nesa, ba mai kwaɗayinta. Ranar da gari ya matso, darajarta ta tashi, ta fara buƙatar mai tsaya mata, ranar ce take fita daga hannun ciyaman. A Jihar Kaduna an ƙara tattara al'amarin wuri ɗaya. Dokar jiha ta 2015 ta kafa hukumar KADGIS ta riƙe rajistar filaye da ba da takardun mallaka, izinin gini yana hannun hukumar tsara birane ta KASUPDA, a 2021 kuma gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta ƙirƙiro wata hukumar raya birnin Zariya. Rajista guda a kwamfuta ta fi fayil-fayil da ke ɓacewa a kabad, wannan ba musu, don ta rage sayar wa mutum biyu fili ɗaya. Sai dai aikin waɗannan ofisoshi na yau da kullum shi ne tabbatar da wane ne mai fili da kuma abin da zai gina. Tambayar ko ya dace a yi ginin a wannan gona tun asali, da wuya ka sami teburin da ake kai ta.

Mafi yawan gonakin ma ba ta ƙofar wani ofis suke fita ba. Awon igiya ne ke cinye su. Maigida ya rasu, gandu ya watse, an raba gado bisa shari'a, kowa ya sami ɗan zirin da bai isa ya ci da iyali ba. Wasu magadan suna Kaduna ko Abuja, wasu mata ne a gidajen aure, ba mai niyyar riƙe fartanya. Sai dillali ya zo, ya haɗa rabon mutum uku ko huɗu, ya ja igiya, ya fitar da fegi mai ƙafa 50 da 100, wani lokaci ma 50 da 50. Mai unguwa da dagaci su sa hannun shaida, a ba su nasu, dillali ya ɗauki la'ada, mai saye ya jibge bulo a kusurwa huɗu. Layin da aka bari da ƙyar Keke Napep zai juya a ciki. Ba magudanar ruwa, ba filin makaranta, ba na asibiti, ba maƙabarta. Sakatariya ba ta jin labari sai an yi rikicin iyaka, ko ruwan Agusta ya shiga ɗakuna. A nan ne ake tuna akwai ciyaman, a taru a ƙofar ofishinsa ana neman kwalbati: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada a yi saurin zagin wanda ya sayar. A yi masa lissafi tukuna. Hekta guda murabba'in mita 10,000 ce, fegi mai ƙafa 50 da 100 kuwa bai wuce murabba'in mita 465 ba. Ke nan hekta tana fitar da fegi wajen 20 idan an matse hanya, kamar yadda masu awon igiya suke matsewa. A ɗaya gefen, wannan hekta masara ce ta damina ɗaya, wadda sai an zuba mata buhunan takin zamani, an biya huɗa da feshi da 'yan ƙwadago, an tsira daga tsutsar da ta addabi masara tun wajen 2016, sannan a kai kasuwa lokacin kaka da farashi ke ƙasa. A bakin gari, kuɗin fegi 20 ya kan ninka ribar noman shekaru masu yawa. Ga ɗiya za a aurar, ga kuɗin makaranta, ga mara lafiya a asibitin Shika, ga burin sauke farali. Mai wa'azin a riƙe gonar gado ba shi zai biya waɗannan ba.

Wanda ya ƙi sayarwa ma ba ya daɗewa. Da zarar gidaje sun kewaye shi, awaki da kajin maƙwabta sun sami wurin kiwo, yara sun sami masarar gasawa, an buɗe hanya ta tsakiyar kunya, leda ta cika ƙasar. Idan ya shuka dawa a ce ta yi tsayi, tana ɓoye ɓarayi, tana tara sauro. Sai ya wayi gari shi ne baƙo a gonar kakansa.

Sannan ga tsoro, wanda ita kanta Dokar Amfani da Filaye ta haifar. Idan gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar da sashe na 29 ya tanada ta abin da ke kan ƙasar ce: gini, itatuwa, amfanin gona. Ita ƙasar ba a biyan kuɗinta, tunda a ƙa'ida tana hannun gwamna. Mutanen Zariya kuwa sun ga karɓar fili iri-iri, daga jami'a da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da barikokin soja da asibitin koyarwa na Shika, zuwa bututun gas na Ajaokuta-Kaduna-Kano da sabon layin dogo na Kaduna zuwa Kano. Waɗannan ayyuka sun amfani gari, amma darasin da manomi ya ɗauka daga gare su daban ne. Da ya ji ƙishin-ƙishin ɗin awon gwamnati na tafe, sai ya riga ta, ya kira dillali. Gara ya sayar da hannunsa a farashin kasuwa da a ƙirga masa kan dawa da bishiyar mangwaro biyu. Dokar da aka yi don hana cinikin ƙasa ita ce take sa a gaggauta cinikin.

A da, wanda ya san tarihin kowace gona shi ne mai unguwa da dagaci da hakimi. Su suka san wadda aka ba da aro, da wadda aka jinginar, da inda burtali ya bi. A 2017 gwamnatin jiha ta rage gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77, ta rage dagatai daga 5,882 zuwa 1,429, bisa hujjar cewa albashinsu ya yi wa ƙananan hukumomi nauyi. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba duk mai rawani ne hannunsa ke da tsabta a cinikin fili ba. Amma ilimin da ke kansu ba a rubuce yake ba, ba a kuma kwashe shi an zuba a wata rajista kafin a sallame su ba.

Me ya sa ƙaramar hukuma ba ta damu ta ƙwato wannan aiki ba? A bi sawun kuɗi. A zamanin sarakuna da na En'e, baitulmali daga gona yake cika. A Zazzau har kuɗin garma ake karɓa, ga jangali a kan shanu, daga baya ga haraji. Hukumar da ke ci daga gumin manomi dole ta san yawan manoma, ta san ƙauyen da fari ya taɓa, ta damu idan mutane suka fara ƙaura. Ba kewar wancan zamani nake yi ba. An ci zalin talaka a karɓar haraji, shi ya sa da Balarabe Musa ya hau mulkin tsohuwar Jihar Kaduna ya soke haraji da jangali jama'a suka yi murna. Amma tun daga gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya maye gurbin En'e, tukunyar ta koma Legas, daga baya Abuja. Yau ƙananan hukumomi 774 suna raba kashi 20.60 cikin 100 na asusun tarayya, kuma rabon Zariya ko Sabon Gari ba ya ƙaruwa don an yi damina mai albarka, ba ya raguwa don gona 1,000 ta zama gidaje. In ma akwai ɗan abin da ke shigowa daga cikin gida, to ta fuskar shaguna da kasuwa da tasha da gidaje yake zuwa. Wato a littafin ma'aji, gini ya fi gona amfani.

Kuɗin Abujan ma ba kai tsaye yake isowa ba. Sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya ratsa da shi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, inda ake cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya da fansho da sauran abubuwa. Abin da ya saura wa sashen gona na sakatariya sau da yawa albashi ne kawai. Kundin ya lissafa raya aikin gona cikin abubuwan da ƙaramar hukuma za ta sa hannu, amma sa hannu ya ce, bai ce ita ce mai aikin ba. Shi ya sa aikin gonarta ya taƙaita ga bikin shekara-shekara: a kafa rumfa, a jera buhunan taki da injinan feshi, a ɗauki hoto, a raba ta hannun kansiloli. Wani lokaci takin ya iso bayan masara ta fitar da kai. Tun shirin rabon taki ta wayar hannu na 2012 zamanin Akinwumi Adesina ake neman hanyar raba taki da 'yan siyasa, har yau ba a rabu ba. Taki yana da amfani, amma buhu biyu ba su taɓa sa mai gona a bakin Basawa ya kori dillali ba.

Abin takaicin shi ne ba garin da ya kai Zariya arzikin ilimin noma a Arewa. Tashar bincike ta Samaru tana nan tun 1922, ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Daga nan irin masara na SAMMAZ da dawar SAMSORG da gyaɗar SAMNUT suke fitowa, daga nan aka fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa a ƙarshen 2019. NAERLS, mai kula da wayar da kan manoma a ƙasa baki ɗaya, tana Samaru. NAPRI ta binciken dabbobi tana Shika. Ofishin shiyya na hukumar raya aikin gona ta jiha yana Maigana, cikin Soba. Duk da haka za ka sami manomi a ƙauyen da ke hango fitilun jami'a da dare yana shuka irin da ya ɗebo a rumbu, ko wanda ya saya a kasuwa ba tambari. Waɗannan cibiyoyi na tarayya ne, aikinsu bincike, ba bin gona-gona ba. Mai cike gurbin shi ne malamin gona, shi kuwa tun da kuɗin Bankin Duniya na shirye-shiryen raya karkara suka ƙare, waɗanda aka fara da Funtuwa da Gusau da Gombe a 1975, yawansa yake raguwa. Masu ritaya na tafiya, babur ba mai. Ɗaukar malamin gona biyu a kowace mazaɓa, da gonar gwaji ɗaya da aka shirya da Samaru, bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Ya fi rumfar bikin taki arha.

In da za a ce a zaɓi abu ɗaya a tsaya a kansa, fadama zan zaɓa. Ruwan saman Zariya bai wuce milimita 1,000 da 'yan kai ba a shekara, kuma cikin wata biyar yake sauka. Sauran watanni bakwai, duk ɗanyen abin da gari ke ci daga bakin Galma da Kubanni da Saye da ƙananan rafuka yake fitowa: tumatir, attaruhu, albasa, karas, kabeji, latas, alayyafo, rake. Ɗan ƙaramin lambu yana ɗaukar hannun da gonar tudu mai ninkinsa ba ta ɗauka, daga mai ban-ruwa zuwa mai tsinka, mai kwando, mai kurar turawa, har mai kasa kayan miya a bakin titi. Aikin nan ne ke riƙe samari da yawa a gida da rani. Kuma fadama ita ce mafi munin wurin gini. Ƙasarta na riƙe ruwa, harsashi na tsagewa, masai na cika, ranar da kogi ya kawo kuwa hanyarsa ta dā yake nema. Mai lambu ya rasa sana'a, mai gida ya sayi ambaliya da kuɗinsa, unguwar da ke ƙasa da su ta sha ruwan da fadamar ta saba shanyewa. A tudu ana iya jayayya tsakanin buƙatar muhalli da ta abinci. A fadama ban ga wanda ya ci riba ba sai dillali.

Ba gini kaɗai ke cin ta ba. Garin da ke gini yana buƙatar yashi da jar ƙasa, tifofi kuwa daga bakin kogi da gonakin gefen gari suke ɗiba. Mai gona ya karɓi kuɗin tifa-tifa, a bar masa rami, gaɓar kogi ta zube, zaizaya ta shiga gonar maƙwabci wanda bai karɓi ko sisi ba. A nan ma hannun ƙaramar hukuma gajere ne, don kundin tsarin mulki ya cire haƙar ma'adinai daga aikinta, dokar ma'adinai ta 2007 kuma ta tarayya ce. Abin da take da iko a kai shi ne shara da magudanan ruwa, su ne kuwa suke ƙarewa cikin Kubanni, ruwan da ake ba kayan lambun da muke ci ɗanye. A dā jujin gari arziki ne, jakuna ke kwasarsa zuwa gonakin karkara, shi ya sa ƙasar da ke kewaye da birni take noma shekara da shekaru ba hutu. Yanzu leda da batir da kwalba sun gauraye shi. Tace shara a mayar da ita taki aiki ne da ke tsakiyar hurumin ƙaramar hukuma, ga kuma masu saye a shirye tunda takin zamani ya yi tsada.

Burtali ma haka. Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta tanadi makiyaya, al'ada kuma ta bar wa shanu hanya zuwa mashaya. Idan gini ya ture manomi, shi kuma sai ya ture burtali, garke ya rasa ta inda zai bi sai cikin shuka. Rikicin da ake kai wa gaban alƙali a Giwa ko Soba, wani sa'in daga bakin Zariya igiyarsa ta taso.

Wasu ƙasashe sun gwada hanyoyinsu. A Amurka, gundumar Suffolk da ke kusa da birnin New York ta fara wani tsari a 1974: hukuma ta biya manomi bambancin da ke tsakanin darajar filinsa a matsayin gona da darajarsa a matsayin wurin gini, gonar ta ci gaba da zama tasa, ya noma, ya sayar, ya bar wa magada, amma ba za a taɓa gini a kai ba. Ingila kuma ta zagaye manyan biranenta da yankunan da aka hana gini tun shekarun 1950. Ba na jin ɗayansu zai dasu a nan yadda yake. Na Amurka yana buƙatar hukumar da ke tara harajin kanta, da rajistar da za ta tuna alkawari bayan shekara 50. Na Ingila kuwa ana zarginsa da tsadar gidaje, mu kuma masu haya a Tudun Wada da Sabon Gari ba su da sararin ƙarin tsada. Abin ɗauka a na Amurkan guda ne: sun yarda cewa idan gari na son gona ta zauna gona, ba manomi kaɗai zai ɗauki asarar ba. Duk dokar da za ta ce wa mai fadama a Dakace kada ya sayar, alhali maƙwabcinsa na tudu ya sayar ya sayi mota, ba tare da an ba shi komai ba, za ta bi sawun sashe na 36.

Abin da za a ba shi ba lalle ne ya zama tsabar kuɗi ba. Takardar mallaka kyauta, wadda aka rubuta a jikinta cewa filin na noma ne, tana cire masa tsoron ƙwace, tana kuma iya zama jingina a banki. Hanyar da mota za ta shiga har bakin lambu cikin damina, da kwalbati a inda rafi ke yankewa, suna ƙara wa kwandon tumatir daraja fiye da kowane tallafi, kuma hanyoyin karkara da kasuwanni da mayanka duk suna cikin jerin ayyukan da kundin tsarin mulki ya ba ƙaramar hukuma ita kaɗai. Rumfa mai inuwa da wurin ajiya a kasuwar kayan gwari na rage abin da ke ruɓewa. Rijiyoyin ban-ruwa da injin mai aiki da hasken rana sun ƙara muhimmanci tun da aka cire tallafin fetur a 2023. Shirin Fadama na Bankin Duniya, wanda aka fara a farkon shekarun 1990, ya riga ya nuna ana iya aiki da ƙungiyoyin masu lambu ta ofis a sakatariya. Matsalarsa ita ce da shirin ya ƙare, ofishin ma ya kan mutu.

Kafin duk wannan sai an san abin da ake da shi. Aikin farko shi ne a zaga da masu unguwanni da dattawan manoma da ardo-ardo, da ɗaliban sashen taswira na jami'a, a auna fadamu da burtali da mashaya, a sa alama. Majalisar kansiloli tana da ikon yin dokar cikin gida a kansu. Amma dokar Zariya ita kaɗai ba za ta yi aiki ba, don kogin da ya ratsa ta ya ratsa Sabon Gari, kuma bakin garin ya riga ya shiga Giwa da Soba da Igabi. Sai sun yi tare, sannan su kai wa jiha ta shigar da taswirar cikin rajistar KADGIS, yadda duk wanda ya kawo takardar awon igiya daga cikin fadama yana neman a halatta masa, kwamfuta za ta ƙi. A gefe guda kuma a buɗe awon gwamnati mai arha a kan tudu, da hanya da magudana, tun kafin dillali ya isa. Talaka ba don son ambaliya yake sayen fegi a fadama ba, shi ne wanda kuɗinsa ya kai.

Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya kuma haramta shugabannin riƙo, ya sa wasu na ganin an warware matsalar. Aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa, kuma ko an aiwatar, bai taɓa Dokar Amfani da Filaye ba. Gwamna na nan da sashe na 3 da na 5. Kuɗin da zai iso kuma zai tarar da ciyaman mai wa'adin shekara uku, kamar yadda zaɓukan 2018 da 2021 da 2024 suka nuna a jihar nan. Taswirar fadama ba ta da zaren da za a yanka a gaban kyamara, masu cin ribar yanka gonaki kuwa sau da yawa su ne masu taimakawa da kuɗin kamfe.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu noman lambun, kuma da yawansu ba su ne masu filin ba. Haya suke yi ko aro, shekara-shekara. Ranar da aka sayar ba su da kaso, ba su da diyya, ko sanarwa ba a yi musu sai sun ga tifa ta sauke yashi a kan kwamin albasa. Ba a lissafa su a dokar 1978 ba, ba sa cikin rajistar kowa. Amma suna da katin zaɓe a mazaɓun Dambo da Wuciciri da Bomo da Basawa, kansila kuwa ƙuri'u 'yan ɗaruruwa ne ke kai shi ko su kayar da shi.